Jikan Mawat Magini

Akwai wani saurayi ɗan Bukuru mai suna Nata'ala, wanda ya zo Landan karatun safiyo, wato awon ƙasa, a shekarar 1986. Fari ne tas, gashinsa mai laushi. Tun yana ƙarami yaran unguwa ke ce masa ɗan Bature, sunan kuwa ya yi masa daɗi har ya hau masa kai.

Ba ƙarya yaran suka yi ba. Kakansa na wajen uwa mutumin Scotland ne, magini, sunansa Hector Mowat, amma mutanen Bukuru Mawat suke ce masa. Ya zo ƙasar Jos zamanin haƙar kuza, ya haifi 'ya da wata mata 'yar Berom mai suna Kaneng, daga nan ya koma ƙasarsu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. 'Yar ita ce Hamdatu, mahaifiyar Nata'ala.

Iyakar abin da aka sani ke nan. Sauran duk Nata'ala ne ya ƙara da bakinsa. A makaranta yana ce wa abokansa kakansa ne ya gina rabin Jos, kuma danginsa na da katafaren gida a Scotland mai filin dawakai.

Kakarsa Kaneng kuwa tana nan da ranta a wani ƙauye bayan Bukuru, tana noman acca da dankali. Ita ba ya ambaton ta. Da zai taho ma, mahaifiyarsa ta ce ya je ya yi mata sallama.

Ya ce, "Umma, babu lokaci. Kuma in na je, me za mu ce wa juna?"

Haka ya taho bai je ba.

A Landan ya kama ɗaki a wani ɗan gida da ke saman shago a Old Kent Road. Tare suke da Mashud, mutumin zangon Kumasi, direban tasi. Nata'ala yakan yi wa Hausar Mashud dariya, yana gyara masa magana a gaban baƙi. Mashud sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da dafa shinkafarsa.

Ba a daɗe ba al'amura suka canza. Naira ta faɗi, tallafin karatun da ake aiko masa daga gida ya fara tsallake-tsallake, daga baya ya tsaya cak. Ya kama wankin kwanuka a wani gidan abinci. Bizarsa kuma ta kusa ƙarewa.

A lokacin ne wani ya gaya masa cewa wanda aka haifi kakansa a Birtaniya yana iya neman izinin zama. Daga ranar Nata'ala bai sake samun natsuwa ba.

Ya riƙa zuwa laburare yana kwafe duk wani Mowat da ke cikin littafin lambobin waya. In ya tashi daga aiki sai ya shige akwatin waya na bakin titi, aljihu cike da sulalla, yana kira. Wasu su kashe masa waya. Wasu su ce ba su taɓa jin sunan Jos ba. Abinci ba ya zama a bakinsa, karatu ba ya shiga. In ya zauna sai ya miƙe, in ya miƙe sai ya leƙa taga.

Mashud ya ce, "Abokina, ka zauna ka ci abinci. Wannan Bature ya mutu tuntuni, ba zai gudu ba."

"Ba za ka gane ba. Ni ina da haƙƙi a ƙasar nan, ba kamar ku ba."

Daga ƙarshe wani dattijo a Aberdeen ya saurare shi. Ya ce ya san wani Hector magini da ya taɓa zuwa Afirka, kuma 'yarsa Elspeth ta koma Landan bayan yaƙin duniya na biyu, ba ta yi aure ba, yana jin tana unguwar Edmonton. Nata'ala ya koma littafin waya ya samo adireshinta.

Ranar Asabar Nata'ala ya goge kwat ɗinsa, ya hau bas zuwa Edmonton. Yana ta duba gidaje masu lambu, amma adireshin ya kai shi gindin wani dogon bene na gidajen hayar gwamnati. Na'urar hawa bene ta lalace. Ya hau da ƙafa yana haki, yana gaya wa kansa wataƙila kuskure aka yi.

Wata tsohuwa siririya ta buɗe ƙofa, sarƙar ƙofar na maƙale. Ya faɗi sunansa, ya ce daga Jos yake. Ta daɗe tana kallon sa ta cikin tabarau mai kauri, sannan ta cire sarƙar.

Ta ce, "Goshin babana ne wannan. Shigo."

Ɗaki ɗaya ne da ɗan falo. Akwai sanyi, don hita ɗaya take kunnawa. Ta haɗa masa shayi. Shi kuwa idonsa na yawo a bango yana neman alamar arziki. Da ya kasa haƙuri sai ya tambaye ta gidan da ke Scotland.

"Wane gida?"

"Gidan gado. Na kakana."

Elspeth ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Ta ce, "Ɗana, babana ya gina wa mutane gidaje iyakar ransa, amma a gidan haya ya mutu."

Sai ta ba shi labari. Ta ce Hector ƙwararren mai sassaƙa dutse ne, yana da ma'aikatansa a Aberdeen. Bayan yaƙin duniya na farko aiki ya yi wuya, jarinsa ya karye, aka yi gwanjon kayan aikinsa. Da ya ji ana neman magina a ƙasar kuza, sai ya bar matarsa da Elspeth tana ƙarama, ya ce zai dawo da abin da zai wanke sunansa.

Da farko abin ya yi kyau. Ya karɓi kwangilar gina wa wani kamfanin kuza gidaje. Ana cikin aiki farashin kuza ya faɗi a duniya, kamfanin ya rufe, aka bar shi da gine-gine rabi da rabi da leburori suna jiran haƙƙinsu. Ya sayar da agogonsa da bindigarsa da kekensa ya sallame su.

"Daga nan 'yan'uwansa Turawa suka daina sanin sa," in ji Elspeth. "Bature matalauci abin kunya ne a wurinsu. Suka hana shi shiga kulob. Sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi a cikin ɗaya daga cikin kangwayen da bai gama ba."

Ta ce wata yarinya da ke kawo wa ma'aikata ruwa ce ta same shi a kwance. Ta kira 'yan'uwanta maza suka ɗauke shi zuwa ƙauyensu. Ita ta riƙa ɗura masa kunun acca har ya miƙe. Ya zauna a cikinsu, yana gina musu rumbuna da katanga suna ba shi abinci. Daga baya hukuma ta ji labarin akwai Bature a ƙauye yana cin tuwo da hannu, aka aiko mota aka kwashe shi, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa gida.

"Sunanta Kaneng. Babana bai faɗa mini ba sai da ya kusa mutuwa. Ya ce ya bar ta da ciki."

Nata'ala ya ajiye kofin. Duk labarin nan abu ɗaya ne a ransa. Ya ce, "To akwai wata shaida da zan kai wa hukuma cewa ni jikansa ne?"

"Babu. Yana da mata a nan, mahaifiyata. Babu inda aka rubuta sunansa tare da na kakarka."

Ya miƙe, bai ƙarasa shayin ba. Tsohuwar ta biyo shi tana dafa bango.

"Kakarka tana da rai?"

"Tana nan."

"Ina da saƙo gare ta. In za ka..."

"Zan dawo," ya ce, ya sauka bene.

Bai koma ba. Ya yi makonni yana yawo a titi, ya hau bas ya sauka ba tare da ya san inda za shi ba. Abokan da ya cika wa baki suka fara tambayar labarin gidan dawakai, sai ya riƙa kauce musu. Da ya gaya wa Mashud abin da ya faru, Mashud ya girgiza kai.

"Wannan tsohuwa bai ci maka komai ba. Ka tafi neman takarda, Allah ya ba ka dangi, ka ce bai ishe ka ba."

Da sanyi ya tsananta, ciwon ƙirji ya kwantar da Nata'ala. Gidan abincin suka ɗauki wani a madadinsa. A cikin abokan makaranta babu wanda ya leƙo. Mashud ne ya kai shi asibiti a motarsa, ya dawo da shi, ya rage fita aiki don ya dama masa koko, ya riƙe haya shi kaɗai bai taɓa ɗaga maganar ba.

Wata rana da hantsi Mashud na riƙe masa kofi yana kurɓa, sai hawaye suka zubo masa.

Mashud ya ce, "Ciwon ne?"

"A'a. Kakata na tuna."

Da ya samu sauƙi ya ari rikodar Mashud, ya sayi kaset, ya koma Edmonton. Elspeth ta buɗe ƙofa, ba ta tambaye shi dalilin daɗewarsa ba. Ya roƙe ta gafara. Daga nan duk Asabar yakan je ya yi mata cefane a kasuwa, ya hau mata da shi bene, su zauna tana ba shi labarin yadda ita da mahaifiyarta suka rayu da wankau. A ɗaya daga cikin ranakun ta yi maganarta a kaset, ta ce ya kai.

Izinin zama bai samu ba. A shekarar 1989 ya tattara ya koma gida. Washegarin isarsa ya ce wa mahaifiyarsa ta raka shi ƙauye.

Suka sami Kaneng a tsakar gida tana sheƙar acca da faifai. Ta tsufa, bayanta ya ranƙwafa. Nata'ala ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa, abin da bai taɓa yi mata ba.

Ta ce, "Maigidana, yau kai ne a gidan nan? Turai ta sake ka?"

"Kaka, saƙo na kawo miki."

Ya kunna rikodar, yana tsayarwa yana fassara mata. Muryar Elspeth ta ce ita ce 'yar da Hector ya bari a can. Ta ce mahaifiyarta ta mutu tana jin haushin Kaneng, ita ma ta daɗe tana ji. Amma babanta ya gaya mata cewa ba don Kaneng ba, ko gawarsa ba za su gani ba. Ya dawo ba shi da komai, ya koma lebura a ƙarƙashin yaran da shi ya koya wa aiki, kunya ta hana shi aiko da ko gaisuwa. Ta ce ta gode da aka mayar mata da uba.

Kaneng ta ajiye faifan.

Can ta ce, "Ashe ya isa."

Ta ce ranar da aka sa shi a mota jikinsa bai gama ƙwari ba. Duk tsawon shekarun nan ta ɗauka a ruwa ya mutu, shi ya sa ba ta taɓa zagin sa ba.

"Da na san ya isa bai waiwayo ba, ai da na ɗan zage shi kaɗan."

Hamdatu ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi.

Kaneng ta nuna rikodar da haɓa. "Ita wannan 'yar tasa, wa ke dafa mata?"

"Ba kowa, Kaka. Ita kaɗai take."

Tsohuwar ta juya wajen Hamdatu. "To kin ji. Kina da yaya a can ba ta da kowa. A riƙa tambayar lafiyarta."

Haka kuwa aka yi. Duk wanda zai tafi Landan daga Bukuru sai an ba shi kaset, Mashud ya karɓa ya hau da shi bene, har Elspeth ta rasu a shekarar 1994.

Darasi: Kada ka yi tinƙaho da asalin da ba ka san labarinsa ba, ka raina wanda ya wahalta maka don ba shi da suna. Sau da yawa mutuncin gida yana hannun wanda ake jin kunyar ambata. In kana da tsoho a ƙauye da ka daɗe ba ka gaisar ba, ka neme shi tun yana da rai, kuma ka tura wa wani labarin nan ko shi ma zai tuna da nasa.