Ɗan Dutsen da Ya Tafi Neman Uwarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani ɗan dutse mulmulalle a bakin wani mashayi. Tun yana ƙarami ruwan damina ya ɓamɓare shi daga jikin uwarsa, gulbi ya gangara da shi nesa. Ya manta kamanninta, amma bai manta ɗumin jikinta da la'asar ba.

Ran nan Kurege ya tarar da shi yana kuka. Ya ce, "Kai, gwarzo da kuka? Zan gara ka har gida, amma duk inda muka yada zango, sai ka fasa mini ƙwallon goruba."

Kurege kuwa ya san hanya sarai, don raminsa a gindin uwar yake. Sai ya bi da shi ta zagaye.

Suka iske Marmara. Ɗan dutse ya rera:

"Inna, Inna, ke ce uwata?
Ruwa ya raba mu, ban yi sallama ba."

Marmara ta ce, "Ayya, ɗan nan. Ni ja ce, jikina huda-huda kamar saƙar zuma. Yi gaba."

Ya fasa goruba, suka wuce. Suka iske Ƙanƙara, ya rera. Ta ce, "Ni fara ce. In an ƙyasta ni, wuta nake haifa. Yi gaba."

Ya fasa goruba, suka wuce. Suka iske Tama, ya rera. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Nawa 'ya'yan maƙera ke kwashewa. Fartanya suke komawa, ba sa dawowa."

Sai da buhun Kurege ya cika, sannan ya kai shi gida. Ya juye ganima a rami, ya gara ɗan dutse kan wani babban dutse mai zanen zabo. La'asar ce. Ɗan dutse ya ji ɗumin nan. Ya rera.

Uwar ta ce, "'Ya'yana masu kaifi ne, masu zane. Kai sumul kake, ga dauɗa."

Ya ce, "Inna, gulbi ne ya cinye mini fuska."

Ta ce, "Fuska ba ta shaida, yaro. Sai ciki."

Kurege ya ce, "Kul! In ka fashe, wa zai fasa mini goruba?"

Ɗan dutse ya ƙuduri niyyar nuna mata cikinsa. Ya mirgino daga sama. Fau! Ya rabe biyu. Ga zanen zabo a cikinsa yana ƙyalli, sabo fil.

Uwar ta ce, "Wayyo, ɗana!" Ta fashe da kuka. Hawayen nan ne idon ruwan da ke gindinta har yau. Ɓari ɗaya ya kwanta a jikinta. Ɗayan ya toshe ramin Kurege, da goruba da komai. Shi ya sa har gobe Kurege yake tone-tone.

Yara, wanda ya daɗe a waje, kada ku tambayi fuskarsa.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare.