Sifikar da Aka Shanya a Kan Kwano

Akwai wasu a cikinku, ba zan kama suna ba, da har yau ba su iya bambanta mai aiki da mai kwalliya ba. Su ne masu tsayawa a kan mai sana'a suna duba agogo, suna tsaki, suna koya masa aikin da ko sunan kayansa ba su sani ba. Kun gajiyar da mutane. To ku zauna ku karanta.

Akwai wani mutum a unguwar Limanti ta Maiduguri mai suna Kashim. Ba mugu ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da idan suka sa sabuwar shadda sai su ga kamar ilimi ma ya ƙaru.

Mahaifinsa, wanda ake kira Ba Sa'id, wato Baba Sa'id, ya shekara biyu a kwance, ƙafa ta daina ɗaukarsa. Can ƙauyensu kuwa, a hanyar Damaturu, ƙannen tsohon biyu sun shata daga a kan iyakar gonar gado, har 'ya'yansu sun daina gaisawa. Bulama, wato mai garin, ya sa ranar Juma'a bayan masallaci. Idan ba a sasanta ba, sai kotu. Kuma Ba Sa'id kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga ranar da aka kafa iyakar.

Tsoho ya sa aka ɗauki muryarsa a waya. Ya ce, “Kashim, ka kai musu. Amma kowa ya ji a lokaci ɗaya, da kunnensa. Idan ɗaya ya riga ɗaya ji, ka ɓata.”

Ƙauyen ba wuta, dattawa sun kai talatin, rabinsu kunne ya yi nauyi. Dole a nemi ƙaramar sifika mai batir da za ta shiga jaka.

Ranar Litinin aka kwatanta wa Kashim Malam Nasidi a unguwar Bolori. Dattijo ne da ke haɗa sifika da hannunsa: gutsuren bututun ruwa, batiran tsohuwar kwamfuta, bakin sifikar rediyon da ya mutu, robar taya. Ya saurari Kashim, ya ce, “Alhamis da la'asar.”

“Kwana uku? Wannan ɗan abin?”

“Yaushe ne tafiyar?”

“Juma'a.”

“To ina matsalar?”

Talata da azahar Kashim ya biyo ya duba, don ba ya iya zama. Ya tarar da dattijo yana shan shayi a inuwa.

“Malam, ina aikina?”

Malam Nasidi ya nuna sama da baki. Kashim ya ɗaga kai. Ga sifikarsa can a kan kwanon rumfa, cikin ranar Afrilu, kamar an shanya kuɓewa.

“Wannan kuma mene ne?”

“Tana shan rana. Gobe zan ɗaura ta a keke Napep ɗin maƙwabcina ta yini tana shan gargada. Idan ta dawo tana magana, taka ce.”

“Malam, sifika na ce ka yi mini, ba kilishi ba. Dube ta ma. Baƙa, duk sukuru, an naɗe ta da roba kamar karyayyar ƙafa. Wannan zan ajiye a gaban Bulama?”

“Ɗana, kallonta za su yi ko saurare?”

Kashim ya ja tsaki mai tsawo. Ya ce a bar ta a can ta ƙarasa dahuwa, ya kaɗa riga ya tafi. Dattijon da ya isa ya haife shi, ko sallama babu.

Bai zarce ko'ina ba sai shagon wani Habib, mai gilas da fanka. Habib ya koyi aikin ne a bidiyon mutanen ƙasashen da ko a mafarki ba su san zafin Maiduguri ba. Cikin minti arba'in ya haɗa sifika ja mai sheƙi, da fitilu masu rawa. Ba sukuru ko ɗaya. Komai an manna shi da gam ɗin nan mai kamar kyandir, wanda ake narkawa da 'yar bindiga. Aka kunna, shago ya ɗauka.

Kashim ya ce, “Ka ji aikin zamani.”

Juma'a da safe ya kama kujerar gaba a motar wani direba mai suna Yoila. Yana zama ya ga wata baƙar aba ɗaure da roba kusa da sitiyari tana waƙa. Ya gane hannun da ya yi ta.

“Direba, kai ma tsohon nan na Bolori ya shafa maka?”

Yoila ya ce, “Shekararta biyar, Alhaji. Na canza taya ya fi sau goma, ita ko tari ba ta taɓa yi ba.”

“Ai ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba.”

Ya zaro tasa ya ɗora a gaban gilas, inda duk fasinja zai gani.

“Alhaji, sauke ta daga nan. Wurin nan ƙwai ma dahuwa yake.”

“Kai dai ka yi tuƙinka.”

Ga rana ta gilas, ga layin shingen bincike, ga ramukan hanya. Sifika ja ta sha duka ukun, tana sheƙi.

Bayan masallaci aka taru a gindin bishiyar ƙofar Bulama. Ƙannen Ba Sa'id sun zauna nesa da juna, kowa da 'ya'yansa a bayansa. Kashim ya gyara hula, ya sa memorin da ke ɗauke da muryar tsoho, ya danna.

Muryar tsoho ta fito da Barbarci, a hankali. Ya yi sallama, ya gai da Bulama, ya kira ƙannensa da sunan yarinta. Sai ya ce, “Iyakar da mahaifinmu ya kafa, ta fara ne daga…”

Ƙirrr. Shiru.

Kashim ya danna. Ya girgiza. Wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a ciki, gam mai yauƙi ya biyo yatsunsa. Zafi ya narkar da shi tun a hanya, batir ya zame, waya ta tsinke.

Baba Abdulwahab, babba a cikin ƙannen biyu, ya miƙe.

“Daga ina? Me ya sa ta tsaya daidai nan? Kashim, wa ya ce ka yanke?”

“Wallahi Baba, ba yankewa na yi ba. Ga ta a waya ma.”

Ya kunna wayar. Na kusa suka ji, na nesa suka ce ba su ji komai ba. Ƙaramin cikin ƙannen ya karɓa zai kara a kunne, babban ya ce ai shi ke nan, dama an shirya. Matasa suka fara tashi tsaye. Abin da tsoho ya ce kada a yi, shi ake yi.

Bulama ya ɗaga sanda. “Ɗan Sa'id, zuwa la'asar. In ba mu ji mahaifinka ba, na sallami kowa.”

Sai ga mai sabuwar shadda ya tattare riga yana gudu a cikin yashi, takalmi a hannu, har tasha. Allah ya taimake shi Yoila bai cika mota ba, yana zaune yana cin ɗanwake.

“Oga Yoila, don Allah ara mini sifikarka.”

Yoila ya tauna, ya haɗiye, bai yi sauri ba. “Wacce? Wadda ko kyauta ba ka so?”

“Ita. Gidanmu ne zai watse.”

Yoila ya dube shi, ya ajiye cokali, ya kwance robar. “Riƙe ta da kyau. Ko da yake ko ta faɗi ba abin da zai same ta.”

Aka ajiye baƙar aba a tsakiyar tabarma. Ba fitila, ba sheƙi. Muryar Ba Sa'id ta fito tar, har mata a bayan danga suka ji. Iyaka ta fara daga tsohuwar rijiyar da aka cike, ta miƙe zuwa kututturen aduwa. A ƙarshe tsoho ya ce, “Ni na kusa tafiya. Kada ku sa in je in rasa abin da zan gaya wa mahaifinmu.”

Baba Abdulwahab ya dubi ƙaninsa. Sannan ya ce, “Rijiyar tana nan. Na san wurin.” Ya miƙa wa ƙaninsa hannu.

Asabar da hantsi Kashim ya isa Bolori. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya fara jero ban haƙuri. Malam Nasidi ya bar shi ya gama, sannan ya jawo sifikar daga ƙarƙashin benci.

“Tun Alhamis take jiranka. Amma jiya na ji wani sukuru yana motsi. Sai gobe.”

Kashim ya buɗe baki, ya tuna yashin tasha, ya rufe.

“Ko jibi ne, Malam.”

Darasi: Wanda ya san zafin garinku da ramukan hanyarku ya fi wanda ya san abin da zai burge idonku. Idan mai sana'a ya ce ka jira, tambaye shi dalili kafin ka yi masa tsaki, don ranar da aikin zai yi amfani ba a shago za ta same ka ba. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku mai duba agogo, kun san shi. Kai kuma da kake karantawa kana murmushi kamar ba da kai ake ba, ka rantse ba ka taɓa raina aikin wani dattijo don bai yi sheƙi ba. In ka isa, ga wurin sharhi nan, rubuta ka ce ƙarya nake.