Mutumin da Ya Ƙi Zuwa Ranar Alhamis

An yi wani mutum a garinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma Allah ya sani tausayinsa nake ji. Shekara talatin da huɗu yana buɗe gadar bakin kasuwa in jiragen ruwa za su wuce, bai taɓa makara ba, bai ci haƙƙin kowa ba. Ciwonsa ɗaya ne: in tunani ya faɗo masa, sai ya riƙe shi kamar da idonsa ya gani.

Matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi. Wata Litinin kewa ta ishe shi, ya hau keke ya nufi gidan 'yarsa tilo, Hiske, bai kira ba. Ya isa ƙarfe shida na yamma daidai, lokacin da kowa ke zaman cin abinci. Kun san halinmu, mutum biyu ne a gida, abincin mutum biyu ake dafawa. Shi da kansa ya raine ta a kan haka.

Hiske ta buɗe ƙofa, idanunta sun yi ja. Ta yi ƙarfin hali ta tsokane shi: "Haba Baba, kai da ka koya mana a kira kafin a zo? Yau ba dama. Ka zo ran Alhamis in yi maka miyar wake irin ta Mama. Akwai maganar da nake so mu yi a zaune."

Ya ce to.

Abin da ya faru ke nan, ya 'yan uwa, ba ƙari. Sauran duk a kan keke ya ƙera shi. Kafin ya kai kwanar farko zuciya ta ce masa, ba su so zuwanka ba. Kafin ya ƙetare gada ta ce, ka zame musu kaya. Da ya iso gida ya riga ya san maganar da za a yi a zaune: gidan tsofaffi za su kai shi. Wa ya faɗa masa? Ba kowa. Jan idon yarinyar ma ya gani, bai tambayi kansa me ya sa ta kuka ba.

Tunanin ya haifi baƙin ciki, baƙin cikin ya yi masa nauyi, sai ya mai da shi fushi, don fushi ya fi sauƙin ɗauka. Alhamis ta zo, bai je ba. Waya ta yi ta ringi, ya ƙi ɗauka. Ya saki labulen falo da rana tsaka, a garin da kowa ke barin tagarsa a buɗe.

Sau uku Hiske tana zuwa. Ta ƙwanƙwasa, ta yi magana ta ramin jefa wasiƙa da ke jikin ƙofar: "Baba, maganar ba ta waya ba ce. Ka buɗe mana." Yana zaune taku biyar daga ƙofar, hawaye na zuba masa, amma girman kai ya danne shi a kujera. Da ta daina zuwa sai ya ce, ka gani? Dama na faɗa. Mijinta, Wiebe, ya aiko da wasiƙa. Tsohon ya jefa ta a aljihun tebur bai buɗe ba, wai takardun gidan tsofaffi ne.

Sati tara aka yi a haka. Wata safiya Wiebe ya karɓi makulli wajen maƙwabciya ya shigo. Ya tsaya a tsakiyar falo, ya ce, "Baba, Hiske ta rasu ɗazu."

Ashe ranar Litinin ɗin nan daga wajen likita ta dawo. An gaya mata tana da mugun ciwo, kuma ya riga ya bazu a jikinta. Kwana uku ta nema ta tattara kanta, don kada ta faɗa wa uban da bai gama makokin matarsa ba tana kuka. Da ta daina zuwa ƙofarsa, ƙafafunta ne suka daina ɗaukarta.

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi. Ya tambaya, "Ta tafi tana fushi da ni?"

Wiebe ya girgiza kai. "Ina fa. Na so in zo in ɓalle ƙofar nan, ta hana ni. Ta ce, ƙyale min Babana, mutuwar Mama ce ba ta sake shi ba, in ya samu sauƙi zai zo."

Kun ji, ya 'yan uwa. Ita ta ga ƙofa a rufe ta nema masa uzuri. Shi ya ga an tare masa ƙofa sau ɗaya ya yanke mata hukunci. Ba banza ba ake cewa zato zunubi ne. Ba a hana tunani zuwa, ni ma yana zo min. Amma in ya zo, ka tsayar da shi ka tambaye shi: me na gani, me kuma na ƙara da kaina? In ba ka samu amsa ba, tashi ka je ka tambayi mai maganar tun yana da bakin amsawa.

Nakan ga tsohon a maƙabarta, ban taɓa iya yi masa faɗa ba. Allah ya sanyaya masa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da zaton da zai raba mu da masu ƙaunarmu. Amin.