Ranar da Injiniya Ya Gyara 'Yar Tsanar Yayarsa

Abin ya fara ne ranar Talata, uku ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Amma kafin mu kai wannan lokaci, ya kamata ku san mutumin.

Akwai wani dattijo da 'yan unguwa ke kira Injiniya. Bai taɓa karatun injiniya ba. Mai gyaran agogo ne, ya yi sana'ar har kansa ya yi fari, sannan waya ta zo da nata agogon ta kashe masa kasuwa. Da ya rufe shago, sai ya mayar da hannunsa kan tsofaffin kayan wasan yara.

Ɗaki guda ya ware musu a gidansa, da kabad mai gilashi a kowane bango. A kanta ta sama akwai motocin kwano masu makulli a gefe, irin waɗanda idan ka murɗa sai su ruga su bugi ƙafar kujera. A ƙasa akwai jirgin ƙasa da taragunsa, da biri mai kaɗa ganga, da sojojin dalma. 'Yan tsana kuwa kabad ɗinsu daban, an jera su bisa tsawo.

Ba tarawa kaɗai yake yi ba, gyara ne abin alfaharinsa. Zai sayo mota duk tsatsa, ya kankare ta, ya yi mata fenti, ta dawo kamar yau ta fito daga kanti. Yana ɗaukar hoto kafin aiki da bayan aiki, ya tura wa abokan sha'awarsa a waya, su yi ta yabo.

Matarsa tela ce, kuma bakinta ba ya ajiye magana.

"Tsoho da 'yan tsana," in ji ta. "Ni da na auri mai gyaran agogo, ga shi na ƙare da mai raino."

"Ke dai ba ki san darajar abu ba."

"Na sani mana. Darajarsa ce ta sa shayinka ke hucewa kullum."

Injiniya ba mugu ba ne. Aibinsa ɗaya: ba ya iya ganin abu ya tsufa hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba, kuma ba ya tambaya, domin a ganinsa ya riga ya san amsa.

Yana da yaya mace, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Kowa Yaya yake ce mata. Tsufa ya kawo mata ciwon mantuwa, idonta kuma ya yi rauni. Tana zaune a gidan 'yarta ta ƙarshe, malamar makaranta, wadda ake kira Auta.

Yaya ta manta sunayen 'ya'yanta, ta manta hanyar banɗaki, amma ba ta manta da 'yar tsanarta ba. Ta roba ce, mahaifinsu ya kawo mata daga tafiya tun tana yarinya. Gashinta ya zube saura tsilli-tsilli, idonta ɗaya ya maƙale a rufe, rigarta ta koɗe har ba a gane launinta. Yatsun hannunta na hagu kuma duk sun tauje, sun yi kaushi. Kullum tana kan cinyar Yaya, babban yatsan tsohuwar yana shafa wannan hannu na hagu. Idan 'yar tsanar na nan, Yaya za ta ci abinci, ta sha magani, ta yi barci. Idan ba ta nan, babu ko ɗaya.

A wannan Talatar zazzaɓi mai zafi ya kama Yaya, aka kwantar da ita a asibiti. Ma'aikatan jinya suka ce ba za a shiga da 'yar tsanar ɗakin marasa lafiya ba, saboda dattin da ke jikinta. Da ƙarfe huɗu da kwata Auta ta fito baranda riƙe da ita, ta tarar da Injiniya a kan benci.

"Kawo ta nan," ya ce. "Zan wanke ta."

Auta ta miƙa masa. "Kawu, wanki kawai. Don Allah wanki kawai."

"Ke, hannun nan ya buɗe agogon da bai kai ƙwayar idonki girma ba. 'Yar tsana ce za ta gagare ni?"

"Ba gagara nake tsoro ba, Kawu."

Bai tsaya jin abin da take tsoro ba. Ya sa ta a jaka ya tafi.

Da farko wankin ya yi, da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Da ya ɗora ta a teburin aikinsa don ta bushe, sai idon nan da ya maƙale ya tsaya masa a rai. Ya ce a ransa, ɗigon mai ɗaya ne kawai. Ya ɗiga, ya taɓa da hantsaki, ido ya buɗe. Da ido biyu suka buɗe, sai kanta mai zubabben gashi ya zama abin tausayi. Ya cire sauran tsohon gashin, ya dasa mata sabo, baƙi wuluk, sili-sili da allura.

Sannan ya sa madubinsa na gyaran agogo a ido, ya duba hannun hagu.

"Ɓera," ya ce. "Ɓera ya yi mata wannan ɓarna."

Ya ɗauko sanfefa, takardar nan mai yashi, ya goge kaushin har ya kwanta. Ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, ya sake gogewa, ya haɗa fenti daidai da launin robar ya shafa. Ko shi da ya yi aikin, sai ya duba da kyau yake gane wane hannu ne ya lalace.

Ya kai wa matarsa ta ɗinka mata riga. Ta juya 'yar tsanar a hannunta, ba ta yi dariyar da ta saba ba.

"Ka tambayi mai abu?"

"Mai abu ba ta san yau wace rana ba ce."

"Ta dai san abinta. Malam, ni tela ce. Idan aka kawo min tsohuwar riga aka ce in kama tsaga, ba na canja mata wuya."

"Ki ɗinka kawai. Za ki ga murnar da za ta yi."

Ta ɗinka, amma ba ta yi masa magana ba har ta gama. Shi kuwa ya ɗauki hoto ya tura. Abokansa suka yi ta rubuto masa cewa hannunsa na zinariya ne.

Ranar Asabar aka sallami Yaya. Ta rame ƙwarai, domin tun da hankalinta ya ɗan dawo a asibiti take lalube a gado, ta ƙi cin komai sai da lallashi. Injiniya ya zo da hantsi, ɗauke da kwali mai kyau. Da Auta ta buɗe, sai ta dafe ƙirji.

"Kawu, me ka yi?"

"Na mayar da ita yadda Baba ya kawo ta. Miƙa mata ki gani."

Yaya tana zaune a bakin gado. Ta karɓa da hannu biyu, ta rungume, fuskarta ta saki. Sai babban yatsanta ya gangara zuwa hannun hagu. Ya shafa. Ya koma hannun dama. Ya sake dawowa na hagu, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ina haƙoran?" ta ce.

"Haƙoran me, Mama?" in ji Auta.

Masu irin wannan ciwo wani lokaci hankalinsu kan dawo na ɗan lokaci, kamar an ɗaga labule. Yaya ta yi magana da muryar da suka daɗe ba su ji ba, a natse, kalma bayan kalma.

"Haƙoran yarinyata. Ta fari. Lokacin da take haƙori, komai ta samu sai ta kai baki. Na ba ta wannan, ta yi ta tauna hannun. Ƙyanda ta ɗauke ta ba ta kai ga kiran sunana ba. Ba mu yi mata hoto ba. Nan kaɗai ta bar min."

Auta ta san an yi mata yaya da ta rasu tun kafin a haife ta, amma ba ta taɓa sanin abin da mahaifiyarta ke shafawa ba. Injiniya kuwa, lokacin rasuwar yana wani gari yana koyon sana'a. Ya zo ya yi gaisuwa ya koma. Bai taɓa tambaya ba.

Yaya ta ajiye 'yar tsanar a gefe, a hankali, kamar yadda ake mayar da jaririn wasu.

"Wannan ta mutane ce. Ku kai musu abinsu. Ku kawo min tawa."

Injiniya ya ɗauka ya fita, ko sallama bai iya yi ba.

A gida ya zauna ya kankare fentin, ya tone gam ɗin. Amma abin da sanfefa ta cinye ba ya dawowa. Tudun da ƙananan haƙora suka tayar a jikin robar ya riga ya zama ƙura, ya share ta da kansa ya zubar.

Ya buɗe hoton da ya ɗauka kafin aiki, ya ƙara girmansa har ya dushe. Da tsinken ƙarfe da ɗan ƙaramin magagari ya shiga sassaƙa shatin haƙora, rami bayan rami, yana duba hoto yana duba hannu. Ya tsige sabon gashin, ya bar tsilli-tsilli kamar da. Ya maƙale idon da ya buɗe. Matarsa ta fito da tsohuwar rigar daga cikin buhun ƙyallayenta, inda ta ɓoye ta ba tare da ya sani ba, ta ajiye masa a tebur. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Da ya kai, Auta ta duba ta ce, "Kawu, wallahi kamar ita."

Yaya ta karɓa. Yatsanta ya sami kaushi, ya tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa, ta daɗe tana yi.

"Wannan ba bakinta ba ne," ta ce. "Nata na sama ɗaya a karkace yake. Wa yake min wasa da hankali?"

Ta ture ta, ta juya fuska ga bango.

Daga ranar Yaya ba ta ƙara cin abin kirki ba. Cokali biyu, ta kawar da kai. Likita ya zo ya ce tsufa ne, ga kuma zazzaɓin da ya raunana ta. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma mutanen gidan suna ganin hannunta yana yawo a ƙarƙashin matashi, a cikin zane, a bayan katifa, daga safe har yamma.

Injiniya ya daina shiga ɗakin kayan wasansa. Kowace safiya sai ya zo ya ja kujera kusa da gadonta ya zauna. A shekarun baya sai ya yi wata bai leƙo ba, yana cewa ai ba ta gane mutane. Yanzu da ba ta gane shi ɗin da gaske, ya kasa tashi.

Wata safiya hannunta mai lalube ya faɗa kan nasa. Ta riƙe.

"Bawan Allah, kai wane ne?"

"Ni ne, Yaya. Ƙaninki."

Ta girgiza kai. "A'a. Ƙanina yaro ne, yana can yana koyon gyaran agogo. Ka san shi?"

"Na san shi."

"To don Allah idan ka gan shi, ka ce masa an ɗauke min yarinyata. Shi zai nemo min. Yana da hannu, kuma yana jin maganata. Ni na raine shi. Ba zai bari a yi min haka ba."

Auta tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani.

"Zan faɗa masa, Yaya," ya ce.

"Kada ka manta."

"Ba zan manta ba."

Ta saki ajiyar zuciya, ta yi barci riƙe da hannunsa. Shi ne barci mafi daɗi da ta yi tun dawowarta daga asibiti, domin ta ba da saƙo ga wanda ta amince da shi.

Ba ta ƙara mako biyu ba a duniya.

Waɗanda suka rage bayanta su ne:

Auta, wadda ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, ko da yake har yau gaisuwarta da kawunta ba ta wuce ina kwana.

Matar Injiniya, wadda ta daina yi masa ba'a, shi kuma ya gane ashe ba'ar ce ke raya gidan.

'Yar tsanar, a cikin kwali a saman kabad ɗin Auta. Ba wanda ya iya jefar da ita, ba wanda ke son ganinta.

Da Injiniya, wanda aka ba saƙo zuwa ga kansa, ya karɓa, kuma babu inda zai kai amsa.

Darasi: Ba kowane tabo ne ɓarna ba. Abin da kake gani ya lalace a hannun wani, wataƙila shi ne kaɗai abin da ya rage masa na wanda yake ƙauna. Iya aiki ba ya ba ka izinin taɓa abin da ba naka ba. Ka tambaya kafin ka gyara, ka kuma zauna da tsofaffinka ka ji labarin abin da suke riƙe da shi tun suna iya faɗa. Ku tura wannan ga 'yan'uwanku, musamman masu jinyar iyaye, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya tambaya.