Malam Sallau da Sunan Inna Yalwa

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi garin ba, don wasunku suna da surukai a can. Malam Sallau ake ce masa, bawan Allah, sana'arsa buɗe wa 'yan kasuwa shafin intanet. Ku saurara, 'yan nan: shafi yana da suna, yana da masauki. Masauki kamar rumfar haya ne, ana tashi a koma wata. Suna kuwa, wanda ya yi rajistarsa shi ke da shi.

To, Hajiya Tabawa mai yaji ta sa ya buɗe mata, ta raɗa wa shafin sunan marigayiyar uwarta, Yajin Inna Yalwa. Da ya nemi imel ɗinta don rajistar sunan, ta ce, "Wane irin imel, Malam? Sa naka kawai!" Ya sa nasa. Kun ga suna ya zama nasa ke nan, ita ko a jikinta.

Kasuwa ta buɗe. Sai surukinta ya zuga ta, wai masaukin Sallau nawa gare shi, ta dawo da shafin masaukin shi surukin. Ta tashi ba ko sallama, har tana yi da shi a gidan biki, wai aikinsa na tsofaffi ne. Ni dai ba gulma nake ba.

Labari ya kai kunnen Hajiya Kuluwa, ita ma mai yaji ce. Ta zo tana rangwaɗa, ta ce, "Malam, sunan nan yana hannunka. Ba ni shi, masu sayen yajinta su faɗo wurina, ni kuma in biya maka kujerar Makka."

Kujerar Makka fa, jama'a! Mutumin da kullum addu'arsa ke nan. Amma Sallau ya ce, "Hajiya, in tsaya gaban Ka'aba da sunan uwar wata a aljihuna? Allah ya ba ki haƙuri."

Ya taka har gidan Tabawa, ya buɗe mata imel, ya mayar mata da sunan. Ya ce, "Hajiya, kin kwashe kaya kin manta Inna Yalwa a wurina. Ga ta nan."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Malam, ka ji abin da na faɗa a biki?"

"Na ji, Hajiya. Yajin dai da daɗi."

Bai je Makka a shekarar ba, amma ya kwana da zuciya fara.

To, ku ji: amana ba ta zama taka don mai ita ya ɓata maka rai. Ke mai riƙe da tukunyar maƙwabciya tun Sallar bara, wai don kun yi cacar baki, na san ki, kin san na san ki. Ki wanke ta, ki kai mata yau.