Shafin da Sakatare Ya Yage

An yi wani mutum a wata mazaɓa can wajen Kazage, ba zan kama sunansa ba. Shekara goma sha ɗaya yana sakataren jam'iyya. Kun san yadda abin yake: ɗan takara ya zo ya wuce, kansila ya hau ya sauka, amma shugaban mazaɓa da sakatare da shugabar mata suna nan. Su ne turakun rumfa. Rajistar 'yan jam'iyya kuwa a hannun sakatare take.

Yana da aboki, Abarshi. Gonakinsu iyaka ɗaya, rana ɗaya suka yanki katin jam'iyya. Da lokacin sake shugabanni ya matso, jama'a suka ce Abarshi suke so ya zama shugaba. Me Abarshi ya yi masa? Ba komai. Amma tuwo ya daina wuce wa sakataren nan. Ya ce wa matarsa, "Ni da na nuna masa ƙofar ofishinmu na Birnin Gwari, ni zan riƙa rubuta abin da ya faɗa?"

Ta ce, "Malam, taka kujerar ƙaya gare ta?"

Bai ji ba. Ya nemo shafin da sunan Abarshi yake, ya yage, ya cusa a murhu. Ya san ƙa'ida: wanda babu sunansa a rajista ba ya tsayawa.

Ranar taro wakili ya zo daga shugabannin jam'iyya na ƙaramar hukuma, ya buɗe littafi. Babu Abarshi. Mutuminku ya sunkuyar da kai kamar mai jimami. Aka zo kan kujerar sakatare, wakili ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Kai ma ai babu kai."

Ya 'yan uwa, takarda fuska biyu gare ta. Sunansa yana bayan na Abarshi.

Abarshi ya zaro katinsa daga aljihu, lambar ta faɗa daidai gurbin shafin da ya ɓace. Sakatare kuwa tuni ya yar da nasa, wai mai riƙe da littafi me zai yi da kati?

Wakili ya ce, "Littafin nan a hannun wa yake zama?" Kowa ya juyo.

Nan aka karɓe littafi, aka tsayar da Abarshi. Mutuminku kuwa, yau ko a kasuwa Babu-Kai ake kiransa, kuma yana waiwayowa.

Mai hassada, ka ji? Sunanka da na ɗan'uwanka a takarda ɗaya suke. Ba ka iya yage nasa ka bar naka.

Allah ya kiyaye mu da ƙona kanmu a murhun da muka hura wa wani. Amin.