Tsagar Rijiyar Nariya

Akwai wani mutum a Nariya ta ƙasar Kibiya, ana ce masa Ramalan. Ana gab da samun 'yancin kai aka haƙa wa garin rijiyar siminti mai murfi, mai gari ya ɗora shi a kan kula da ita. Tun daga ranar hularsa ta karkace gefe guda. Ko matarsa Dije sai ta bi layi.

Don kada ya yi nisa da mulkinsa, ya tayar da ɗaki dab da rijiyar, ya haƙa masai a bayansa.

Da damina ta yi tsakiya, wata safiya ya leƙa ya ga simintin ya tsage daga ciki, ta ɓangaren masan nan, ruwa yana tsattsafowa. Ga shi an ce duba-gari yana tafe daga Rano. In ya gani rufe rijiyar zai yi, gari duka ya san wanda ya jawo.

Ramalan ya kwaɓa yumɓu, ya sauka da igiya, ya shafe tsagar, ya goga toka har ta saje da siminti. Duba-gari ya zo ya leƙa, ya yaba, ya hau kekensa.

Ba a jima ba Salamatu mai tallan nono ta sauke tulunta ta ce, "Malam Ramalan, ni kam ruwan nan bai kwanta mini ba. Cikin yarana ya ɓaci tun shekaranjiya."

Ya daka mata tsawa. "Launinsa ya sauya? Kin ji wari? Ɗanɗana ki ji! Ruwan da bai sauya ba mai tsarki ne, je ki tambayi liman. Da shi muke alwala."

A babin alwala kam haka zancen yake. Amma ita maganar sha take yi, shi ma kuwa ya sani sarai.

Amai da gudawa ya shiga gari, makara ta daina hutawa. Cikin waɗanda aka kai har da Huseina, 'yar Ramalan tilo, wadda ko famfara ba ta gama ba.

Mutane suka ce iska ce ta shiga rijiyar, aka cike ta da ƙasa. Masu ta'aziyya suna riƙe hannunsa suna cewa, "Kai ka yi iya ƙoƙarinka, sai haƙuri." Shi kuwa ji yake gara a zage shi.

Da aka watse zaman makoki, Dije ta kawo masa ruwa a moɗa, ta durƙusa. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, ni na wanke rigar da ka shiga rijiya da ita. Yumɓu ne a jikinta."

Ba ta sake tayar da zancen ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, ba ta kuma bar gidan ba. Kullum dai ita ke kawo masa ruwan sha, ta durƙusa, ta zuba masa ido har ya shanye. Haka suka tsufa tare, bai sake shan ruwa ya ji ƙishinsa ya tafi ba.

Darasi: Ruwan da jama'a ke sha amana ce. Wanda ya ga matsala ya rufe ta don gudun kunya, rayukan mutane ya sayar, kuma na gidansa ma daga nan suke sha. Ku tura wa duk wanda aka ba tsaron rijiya ko famfo.